Alƙawarin Umara da katin korona: yadda ta kaya da wani gida a Gwammaja

A ƙarshen 2021 akwai yaran Najeriya da dokokin ƙasashe biyu suka matse a tsakiya, su ne waɗanda suka kai shekara 12 amma ba su cika 18 ba. A Saudiyya an ɗauke su sun isa allurar korona, har sai an ga shaidarta kafin a ba su izinin Umara. A gida kuwa ba su isa ba, domin tun da aka fara rigakafin a watan Maris na 2021, hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta ce daga 18 ne zuwa sama. Sai ya zama yaro yana cikin sahun "waɗanda ba a yi wa rigakafi ba" ko da iyayensa sun kai shi da ƙafarsu an dawo da su. Wannan rubutu ya bi wani gida ɗaya ne a Gwammaja da abin ya rutsa da shi. An ɓoye sunayensu da na kamfanin da suka yi hulɗa da shi.

Maigidan ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yana sayar da shadda da atamfa. 'Ya'yansa uku: babban namiji ne mai shekara 16 yana ajin ƙarshe a sakandare, sai mace mai 13, sai auta mai 6. Babban ya kammala haddar Alƙur'ani a shekarar, kuma a wurin walima, gaban malamai da dangi, uban ya ce tukuicinsa Umara, shi da duk 'yan ɗakinsu, a hutun Disamba. Wanda ya san Kano ya san nauyin maganar da aka faɗa a bainar jama'a. Kusan duk gaggawar da aka yi daga baya, daga nan ta samo asali.

Ta fuskar manya babu matsala. Alhaji ya karɓi allurar AstraZeneca sau biyu tun da wuri, ba don ya damu da cutar ba, sai don ya san harkar fatauci ba za ta yiwu ba sai da katin. Hajiya ta yi ta jan ƙafa har sai da maganar tafiya ta taso, sannan ta je aka yi mata. Filin jirgin Malam Aminu Kano ya koma karɓar jiragen waje tun Afrilun 2021, Saudiyya kuma ta sake buɗe Umara ga baƙi masu rigakafi a watan Agusta. A ido, hanya a buɗe take.

Kuɗin da aka biya a kan jita-jita

A watan Nuwamba Alhaji ya je wurin ejan ɗin da ya saba yi masa biza. A lokacin ƙa'idar Saudiyya ita ce mai zuwa Umara daga waje sai ya kai 18. Ejan ya san da haka, bai kuma ɓoye ba. Abin da ya ce shi ne, "Alhaji, labari ya zo mana daga can, za a sauko da shekarun kwanan nan. Ka kama kujera yanzu kafin Disamba ta yi tsada. Ƙaramin kuwa ka bar mini shi, akwai hanya." Alhaji ya biya kuɗin mutum biyar gaba ɗaya, tikiti da masauki da biza, ba tare da wata rubutacciyar yarjejeniya ba kan abin da zai faru idan an hana yaran. Rasit kawai aka ba shi.

Ejan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. A Disamba ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta sauko da shekarun zuwa 12. Sai dai ta haɗa da sharaɗin da shi ejan bai faɗa ba, wato sai an yi wa yaron rigakafi da ɗaya daga cikin waɗanda masarautar ta amince da su. Tsarin ma ba na a roƙi ma'aikaci ya ɗaga ƙafa ba ne. A lokacin ana shigar da bayanan allurar a shafin Muqeem na Saudiyya kafin a tashi, idan an sauka manhajar Tawakkalna ce ke nuna matsayin lafiyar mutum, izinin shiga yin Umara kuma daga manhajar Eatmarna ake cire shi. Idan ta farko ba ta karɓe ka ba, sauran ba su san da zamanka ba.

Tun kafin wannan sanarwa Alhaji ya ɗauki manyan yaran biyu ya kai su asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Ma'aikaciyar ta duba takardun haihuwa ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba a ba mu umarnin 'yan ƙasa da 18 ba. Ko na yi musu, na'urar ba za ta karɓi shekarunsu ba." Ya gwada wani wurin, amsar ɗaya ce.

A nan ne wani abokin kasuwa ya kawo shawarar da a lokacin ta cika gari: a buga musu kati. Akwai masu yi, in ji shi, har da lambar QR, ba sai allura ta taɓa fatar yaro ba. Alhaji bai yi watsi da maganar nan take ba, ya kwana da ita. Abu biyu suka kashe ta. Na farko malamin da ya yi wa yaron hadda, wanda ya ce masa, "Alhaji, ɗan da ya ɗauko Alƙur'ani a ka, za ka kai shi ɗakin Allah da takardar ƙarya a aljihu?" Alhaji ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai lalura ce." Malam ya ce Umarar yaro ba ta kai lalurar da za ta halatta wannan ba. Na biyu lissafi ne zalla. Katin dole ya yi daidai da fasfo, fasfo kuma ya nuna 16 da 13. Katin Najeriya mai ɗauke da shekarun da Najeriya ba ta yi wa allura, shi da kansa zai tona asirin kansa. Idan kuma aka ƙara musu shekaru a katin, ya saɓa wa fasfo. Ko ba a ji tsoron Allah ba, wannan hanya ba ta ɓullewa.

Omikron

Ana cikin wannan sai ga sabon nau'in cutar, wanda ake kira Omikron. A ranar 6 ga Disamba Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa, ranar 8 ga wata Saudiyya ta dakatar da jirage daga Najeriya. Birtaniya ta janye nata a ranar 15, Saudiyya kuwa ta bar nata har wata uku. Daga ranar maganar ta daina zama ta yara kawai, har iyayen masu kati ba su da hanya.

Ejan ya zo da dabara ta biyu: a je Masar a yi kwana 14, daga can a shiga Jidda, tunda haramcin ya shafi wanda ya kasance a Najeriya ne cikin makonni biyun da suka gabaci shigarsa. Wasu 'yan Kano sun bi ta nan, kuma akwai jirgi kai tsaye daga Kano zuwa Alƙahira. Ya ƙara da cewa Masar ta fara yi wa yara daga shekara 12 allurar Pfizer, wanda gaskiya ne, don haka a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ƙanin Hajiya, wanda ma'aikacin jinya ne, shi ya zauna da biro ya warware wannan. Ko da an yarda a yi wa baƙo mai bizar ziyara, tsakanin allura ta farko da ta biyu kwana 21 ne, bayan ta biyu kuma ana jiran kwana 14 kafin a ƙirga mutum cikin masu cikakken rigakafi. Mako biyar ke nan a otal da mutum biyar, da dalar da a lokacin ake saya wajen naira 570 a kasuwar canji ta Wapa, tunda Babban Banki ya daina ba 'yan canji dala tun Yuli. Ga gwajin korona na PCR a kowace gaɓa, ga makaranta za ta koma a Janairu, ga auta da duk wannan wahala ba za ta sa a ba shi biza ba. Alhaji ya ce a bar maganar.

Da ya nemi kuɗinsa sai aka shiga wani babi. Ejan ya ce kuɗin tikiti yana wurin kamfanin jirgi, su kuma ba sa mayar da tsaba, sai dai a ɗaga ranar tafiya. Kuɗin masauki ya riga ya tura wa wakilinsa a Makka. An yi zama biyu a gaban wani dattijo na kasuwa. Aka tsaya a kan cewa kuɗin zai zauna a matsayin ajiya, amma duk ƙarin da aka samu a farashi Alhaji ne zai cika. A ganina wannan sulhu ya fi yi wa ejan daɗi. Shi ne ya karɓi kuɗin yara uku a ranar da ƙa'ida ta hana duka ukun, kuma da ya ce a kama kujerun manya a jira sanarwa kan yara, da rabin kuɗin bai maƙale ba. Amma Alhaji ma da nasa: mutumin da ba zai karɓi dila ɗaya ta shadda ba sai ya buɗe ya gani, ya miƙa kuɗin mutum biyar a kan "labari ya zo mana".

Yana da kyau a kwatanta da yadda wasu ƙasashen suka yi a daidai wannan lokaci, domin ba dole ba ne a ce haka abin zai kasance. Amurka ta fara neman shaidar rigakafi daga baƙi masu shiga ta jirgi a ranar 8 ga Nuwamba 2021, amma ta cire 'yan ƙasa da 18, gwaji kawai take nema daga mai shekara 2 zuwa sama. Ingila daga 22 ga Nuwamba ta ɗauki duk ɗan ƙasa da 18 tamkar mai rigakafi a bakin iyaka. Sifaniya ce ta bi irin hanyar Saudiyya, ta nemi kati daga shekara 12 ga masu zuwa daga Birtaniya, har sai da ta sassauta a Fabrairu. Saudiyya tana da hujjarta, domin cunkoson ɗawafi ba irin na wurin yawon buɗe ido ba ne, kuma ita ta riga ta yi wa yaranta. Najeriya ma tana da tata, tunda allurar da ke hannu ba ta ishi manya ba. Sai dai wannan hujja ta yi rauni a ranar 22 ga Disamba, lokacin da aka lalata allurar AstraZeneca sama da miliyan ɗaya a Abuja saboda wa'adinta ya ƙare. Gaskiya ne ba irin wadda ake yi wa yara ba ce, kuma ta iso ƙasar ne da ɗan gajeren wa'adi, amma uban da aka mayar da ɗansa daga asibiti ba zai ji wannan bayani da sauƙi ba.

Sunan da ke jikin kwalbar

A Janairun 2022 hukumar lafiya matakin farko ta buɗe wata 'yar ƙofa: masu shekara 16 da 17 za a iya yi musu idan karatu ko tafiya waje ta buƙaci haka. Babban ya samu shiga, ƙanwarsa mai 13 ta rage a waje. Kowa ya ɗauka rabin matsalar ta warware, sai ga wata ta taso daga cikin gida.

Allurar da aka amince a yi wa 'yan ƙasa da 18 a ƙasashe da dama a lokacin ita ce ta Pfizer, ita kuma aka ce za a yi masa. Hajiya da ta ji sunan ta ce ba da ɗanta ba. Wanda ba ɗan Kano ba zai iya ɗaukar wannan jahilci, amma ba daga WhatsApp ta samo shi ba. Tana budurwa aka yi annobar sanƙarau ta 1996, lokacin da kamfanin ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa da ake kira IDH. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar ba maganin ba, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ba jita-jita ƙarfi har aka dakatar da ɗigon shan inna a jihar a 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004.

"Alhaji, ni na yarda an yi mini, na tsufa, na gama haihuwa. Wannan ko aure bai yi ba," in ji ta. Alhaji ya so ya yi amfani da ikonsa na maigida, ƙanin nata ya hana shi. Shi ya riƙa zuwa bayan isha'i yana yi mata bayani. Bai ce mata abin da ya faru a 1996 ƙarya ba ne, kuma ina ganin dalilin da ya sa ta saurare shi ke nan. Cewa ya yi, "Yaya, wancan gwaji ne aka yi a kan 'ya'yan talakawa ana tsakiyar annoba. Wannan kuwa ita suke yi wa nasu 'ya'yan a Amurka tun bara, ita ake yi wa yaran Makka da Madina." Maganar yaran Makka ce ta fi shiga. Shi ma yaron ya sa baki, ya ce, "Umma, ni ina so." Aka yi ta farko a ƙarshen Janairu, hannunsa ya yi tsami kwana biyu, bayan makonni aka yi ta biyu.

A ranar 5 ga Maris 2022 Saudiyya ta janye mafi yawan matakanta a rana ɗaya: ba gwajin PCR kafin shiga, ba killacewa, an daina ba da tazara a sahu, an kuma ɗage haramcin jirage daga ƙasashe 17 har da Najeriya. Abin da ya rage ga mai bizar ziyara shi ne inshorar da za ta ɗauki nauyin jinyar korona. A makonnin da suka biyo baya sanarwa kan yara da marasa rigakafi ta yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, ejan-ejan na Kano kuma kowa da irin fassarar da yake yi mata. Wannan karon Alhaji ya ce sai an rubuta masa cewa idan aka mayar da yarinyar daga filin jirgi kamfani ne zai ɗauki asara. Ejan ya ƙi sa hannu. Alhaji ya ce to ya ji amsa.

Sai aka raba tafiyar. Azumi ya kama ranar 2 ga Afrilu, uba da ɗa suka tafi a goman farko, wadda ta fi goman ƙarshe sauƙin kuɗi, kuma ta bar wa yaron lokacin shirin jarrabawar WAEC da ke tafe a Mayu. Dawowarsu ta zo da sauƙi, domin daga 4 ga Afrilu kwamitin shugaban ƙasa kan korona da Boss Mustapha ke jagoranta a lokacin ya cire gwajin PCR ga masu cikakken rigakafi, ya kuma ce a ɗauki 'yan ƙasa da 18 kamar su. Yarinyar ta yi fushi sosai, ta yi kwanaki ba ta cewa uban komai bayan gaisuwa. A wurinta maganar ba ta Saudiyya ko hukuma ba ce, an tafi da yayanta an bar ta.

Katin da aka manta

Bayan aikin Hajjin 2022, wanda aka taƙaita ga mutum miliyan ɗaya 'yan ƙasa da shekara 65, Najeriya ta samu kujera 43,008, an buɗe sabuwar kakar Umara a ƙarshen Yuli. Zuwa lokacin ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta fito fili cewa marar rigakafin korona zai iya yin Umara matuƙar ba ya ɗauke da cutar. Ya dace da dogon hutu. Alhaji ya sake shiri da Hajiya da ƙananan biyu, kuma dole ya sake biya wa kansa, tunda shi ne muharraminsu. Dala a Wapa ta kai naira 700 a ƙarshen Yuli, tikiti ya tashi, don haka cikon da ya yi a kan ajiyar Disamba ba ƙarami ba ne.

Saura kwana shida a tashi, ana haɗa takardu, aka ga auta ba shi da katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Ranar da aka kai yayyensa allurar shawara a Nuwamba yana kwance da zazzaɓi, aka ce sai ya warware, daga nan hankalin kowa ya koma kan korona. Katin rigakafinsa na jarirai, wanda zai nuna ko an yi masa ta wata tara, ya ɓace a tashin gida. Wannan sharaɗi ya girmi korona da shekaru masu yawa, kuma bai tafi da tafiyarta ba. Saudiyya tana neman shaidar allurar shawara daga duk wanda ya haura wata 9 idan daga ƙasa irin Najeriya ya fito, ga ta sanƙarau, ga ta shan inna. Tun 2016 allurar shawara sau ɗaya ta isa har abada, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta.

Wani ɗan kamasho ya ce zai samo kati da kwanan watan baya. Wannan ya bambanta da tayin katin korona na bara. Wancan ko an karɓa ba zai yi aiki ba, don haka ƙin sa bai ci wa Alhaji komai ba. Wannan kuwa babu abin da ya saɓa wa fasfo a cikinsa, kuma mai yiwuwa ne ya wuce ba wanda ya ɗaga kai. Hajiya da kanta ta ce, "Alhaji, kwana huɗu ne fa kawai tsakani." Ya ce a yi wa yaron allurar a ranar, a rubuta ranar da aka yi. Aka ɗaga tikitin mutum huɗu da mako ɗaya, ya biya tarar canjin rana a kan kowanne, kwana biyu na masaukin Madina da aka riga aka biya suka tafi a banza.

Sun tashi daga Kano a tsakiyar Agusta. Ba wanda ya tambayi yarinyar katin korona, a nan ko a Jidda, kuma har aka daina maganar cutar ba a yi mata allurar ba. Ejan ya mayar da wani ɓangare na kuɗin masaukin Disamba a farkon 2023, a naira, a kan lissafin ranar da aka ba shi.